Bakwai sau takwas: haddar da lissafi yake buƙata da wadda ba ya buƙata

Duk wanda ya bi ta bayan wata lakwal a Tawa da hantsi ya san wannan amo: aji guda, yara sittin ko fiye, suna rera jadawalin sau da faransanci da murya ɗaya, daga bakwai sau ɗaya har bakwai sau goma. Waƙar tana fita daidai. Amma a tsayar da ita, a nuna yarinya ɗaya a layin baya a ce mata bakwai sau takwas nawa ne, sai a ga leɓɓanta suna motsi. Ta koma farkon waƙar tana gangarowa, bakwai, sha huɗu, ashirin da ɗaya, har ta iso inda ake so, in ba ta ɓace a hanya ba. Yarinyar ta haddace wani abu, sai dai ba shi lissafi yake nema a wurinta ba.

Gardama a kan hadda ta daɗe, kuma ba a Nijar kaɗai ake yin ta ba. Wasu na cewa hadda ce ta kashe lissafi, tana mai da yara aku, a bar su su gane da kansu. Wasu kuma, galibi iyaye da tsofaffin malamai, na cewa a da yaro ba ya fita CE2, aji huɗu na firamare, sai ya san jadawali kamar sunansa, yau ga ɗan kwaleji yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin tebur. A ganina matsalar azuzuwanmu ba yawan hadda ba ce. Ana haddace abin da bai kamata ba, ta hanyar da ba ta zama, alhali ɗan abin da ya wajaba ya zauna daram a kan yaro, wanda ba shi da wani yawa, ba a bi an tabbatar kowane yaro ya riƙe shi ba.

Rumbu da faifai

Masana yadda ƙwaƙwalwa take aiki sun raba tunani gida biyu, kuma kwatancen da ya fi kusa da mu shi ne rumbu da faifai. Rumbu shi ne inda ake ajiye abin da aka sani na dindindin: sunayen dangi, hanyar gida, surorin da aka haddace. Faɗinsa ya wuce misali. Faifai kuwa shi ne wurin aikin nan take, inda ake jujjuya lambobi yayin da ake lissafi, kuma ɗan ƙarami ne. A 1956 George Miller, wani masani a Amurka, ya ƙiyasta cewa yana ɗaukar abu wajen bakwai a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya sake bin hujjojin ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ko bakwai ko huɗu, wurin a matse yake, kuma abin da aka ɗora masa yana zubewa da zarar hankali ya koma wani waje.

A ɗauki 47 × 68, irin aikin da ake ba ɗan CM1, aji biyar. Takwas sau bakwai 56, a rubuta 6 a riƙe 5. Takwas sau huɗu 32, a ƙara 5 ɗin da aka riƙe, 37. Layin farko ya zama 376. A gusa gida ɗaya hagu. Shida sau bakwai 42, a rubuta 2 a riƙe 4. Shida sau huɗu 24, da 4, 28. Layi na biyu 2820. A tara su, 3196. Yaron da 56 take fito masa daga rumbu a dunƙule, faifansa yana da sauran wurin tuna abin da ya riƙe, da gidan da zai gusa, har ma ya tambayi kansa ko amsar ta yi kama da gaskiya. Wanda sai ya rera waƙa tun daga bakwai sau ɗaya, ko ya zana ƴan sanduna a gefen kaye ya ƙirga, kafin ya kai 56 ya manta a wane mataki yake. Malam zai duba ya ce yaron nan bai gane ninkawa ba. Sau da yawa ya gane sarai, wuri ne ya ƙare masa.

Abin yana ƙara tsananta in an yi gaba. Mai son rage 42/56 sai ya hango 7 a cikin kowacce da kallo ɗaya kafin ya samu 6/8, sannan 3/4. A kwaleji kuma, in aka ce a warware x² − 15x + 56, ana neman lambobi biyu ne da ninkinsu 56, jimlarsu 15. Mai jadawali a kai yana ganin 7 da 8 tun malam bai rufe baki ba. Wanda babu, a wurinsa darasin duka duhu ne, kuma shekara biyar ke nan da aka bar masa ramin da ya faɗa yau.

Nawa ne abin haddar?

Mutane suna tsoron hadda don suna zaton tulin abu ne. A ƙirga shi. Jadawalin sau daga 1 × 1 zuwa 10 × 10 gida 100 ne. Da yake 3 × 8 da 8 × 3 amsarsu ɗaya, sun koma 55. A cire sau 1 da sau 10, waɗanda ƙa'ida ce kawai, saura 36. Sau 2 ninki biyu ne da yaro ya riga ya sani daga tarawa. A cire, saura 28. A cire sau 5, saura 21. Sau 9 shi ne sau 10 a ɗebe guda (9 × 7 shi ne 70 ban da 7, wato 63), saura 15. Sau 4 ninki biyu ne a sake ninkawa, saura 10. A cire sau 3, sai ga guda shida tak: 6 × 6, 6 × 7, 6 × 8, 7 × 7, 7 × 8, 8 × 8. Su ne masu ba yara wahala a ko'ina, kuma su ya kamata su ci rabo mafi tsoka na lokaci. Abin da ya fi faruwa a aji shi ne a ba kowane jadawali mako guda daidai wa daida, jadawalin 2 da na 7 tamkar nauyinsu ɗaya.

Wannan ƙidaya ita ce kuma take nuna jerin koyarwa: 2, 10, 5, sannan 4, 3, 9, sannan shidan nan. Kowace sabuwa a rataya ta a jikin wadda aka riga aka sani. 6 × 7 shi ne 5 × 7 a ƙara 7, 35 da 7, 42. 7 × 8 shi ne 7 × 4 sau biyu, 28 da 28, 56. Yaron da ya bi ta nan, ranar da 56 ta ɓace masa yana da hanyar komawa gare ta cikin ƴan daƙiƙoƙi. Wanda ya haddace sauti kawai, in ya ce 54 ba abin da zai gaya masa ya kauce.

Tarawa ma haka take. Tushenta abokan goma ne: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. Sai tagwaye, 6 da 6, 7 da 7, 8 da 8, 9 da 9. Haɗe-haɗen lambobi masu gida ɗaya da jimlarsu ta haura goma guda 20 ne kacal, daga 9 + 2 zuwa 9 + 9, kuma duk ana samun su ta hanyar cike goma: 8 + 5, a ba 8 biyu ta cika goma, saura 3, 13. Ɗebewa ba ta buƙatar wata hadda dabam in an koya wa yaro ya ji 13 − 8 a matsayin "takwas da nawa ne sha uku".

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Kafin a ce yaro ya riƙe 5 × 6, ya kamata ya gan shi. Gurabun dara da ake haƙawa a ƙasa, layi 5 na gurbi 6, sun isa. A ƙirga su, 30. A zagaya a tsaya ta gefe, sun koma layi 6 na gurbi 5, kuma ba gurbin da ya ƙaru ko ya ragu. Yaron da ya yi wannan zagaye da ƙafarsa ba ya buƙatar a rubuta masa wata ƙa'ida ya kwafa. Fangalin albasa, jerin bulo a jikin gini, marafen kwalba a kan tebur, duk suna yin aikin.

Akwai kuma dukiyar da lakwal take takawa ta wuce. Yarinyar da take tallar ƙosai ko gyaɗa a tasha ta san dala bakwai sefa 35 ne, dala ashirin 100 ne, dala ɗari 500, jika kuma dala ɗari biyu. Jadawalin 5 ke nan, har ya zarce inda littafi ya tsaya. Amma in ba malam ya fito fili ya ce mata mai da dala sefa shi ne ninkawa da biyar ba, za ta ɗauka lissafin kasuwa dabam, na aji dabam, har ma ta ruɗe in an rubuta 20 F ta karanta shi dala ashirin a ranta. A 1985 masu bincike a birnin Recife na Birazil suka gwada yara masu sayar da kaya a titi. A bakin sana'arsu kusan duk tambayar da aka yi musu sun amsa daidai. Da aka ba su lambobin nan dai a takarda, ba kaya ba kuɗi, fiye da rabi suka kuskure. Kai bai canza ba tsakanin titi da takarda. A takarda sun ajiye hankalinsu ne suka ɗauki matakan da aka haddatar da su ba tare da ma'ana ba.

Hausa kanta tana ɗauke da dabara. Mai cewa "ashirin ba biyu" yana nufin 18, mai cewa "talatin ba ɗaya" yana nufin 29. To 47 + 29 ai 47 da talatin ne ba ɗaya: 77 ban da 1, 76. Dabarar da ake shan wahalar koyarwa a littattafan wasu ƙasashe tana bakin kakanninmu.

Inda harshe yake kawo cikas shi ne sunayen lambobi a faransanci, kuma a nan hadda tsantsa ake buƙata, babu wata fahimta da za ta maye gurbinta. Bahaushe yana cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, ginin lambar a bayyane. Faransanci yana cewa onze, douze, har seize, sai an riƙe kowace. Daga 70 abin ya fi muni: soixante-douze sittin da sha biyu ne, quatre-vingt-treize kuwa huɗu sau ashirin da sha uku. Shi ya sa ake ganin yaro ya rubuta 612 a maimakon 72, ko 8013 a maimakon 93. Maganinsa shifta ta lambobi daga 60 zuwa 99, guda biyar kullum, malam ya faɗa da faransanci, yaro ya rubuta, sannan ya faɗi lambar da Hausa ko Tamajak ko harshen da yake ƙirga kuɗi da shi, don a tabbatar abin da ya rubuta shi yake nufi.

Yadda hadda take zama

Makarantar allo ta riga boko sanin wani abu a nan. Kowane alaramma ya san ƙari ba tilawa zubewa yake, kuma tilawa ta gaskiya ita ce a kife allo a kawo karatu daga kai. Bincike ya zo ya tarar da haka. A 1885 Hermann Ebbinghaus, a Jamus, ya auna a kan kansa yadda mantuwa take: mafi yawan abin da zai zube yana zubewa ne da wuri, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka suka nuna cewa ɗaliban da aka sa suka tuno abin da suka karanta ba tare da dubawa ba sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa.

Sai dai akwai bambanci guda da ya wajaba malamin lissafi ya kiyaye. Karatun allo a jere ake kawo shi, jerin yana cikin abin da ake kiyayewa. Jadawalin sau kuwa ta kowace ƙofa ake shigarsa: 7 × 8, 8 × 7, bakwai sau nawa ne 56, 56 a raba 8. Rera shi a jere yana koya wa yaro ƙofa ɗaya tak, kuma a cikin amshin aji yara goma ne suke jan waƙar, sauran suna bin bakinsu. Rerawa tana da ɗan amfani a ranar farko, don kunne ya saba. Bayan nan a wargaza jerin.

Kayan aikin da ya dace da babban aji yana hannunmu tuntuni, shi ne tsarin La Martinière da malamai suke kira PLM, wanda ya samo suna daga wata makaranta a birnin Liyon na Faransa tun ƙarni na 19. Kowane yaro da ɗan allonsa da alli. Malam ya faɗi tambaya sau biyu, alli a sama, ba mai rubutu. A ba da ƴan daƙiƙoƙi na tunani. Ya buga tebur, kowa ya rubuta amsa kaɗai, da manyan baƙaƙe, ya kife allon. Ya sake bugawa, a ɗaga alluna gaba ɗaya. Cikin kallo ɗaya malam ya ga amsar yara sittin. Inda ake ɓata shi sananne ne: malam ya kalli layin gaba kawai, a bar yara su ɗaga allo ɗaya bayan ɗaya har na baya su kwafa, a ce "daidai" ko "kuskure" a wuce ba a tambayi kowa yadda ya samu amsarsa ba, ko a riƙa jero tambayoyi 7 × 1, 7 × 2, 7 × 3, wanda waƙar ce aka dawo da ita ta bayan gida. Amsar kuskure da ta fito a alluna da yawa ita ce darasin ranar. In yara goma sha biyar sun rubuta 54 a 7 × 8, sun cakuɗa shi da 6 × 9 ne, sai a ajiye su biyun gefe da gefe a babban allo a gina kowace daga tushenta.

Minti goma kullum sun isa, kuma sun fi awa guda ranar Juma'a nesa ba kusa ba. Tambaya goma: sababbi kada su wuce uku, sauran bakwai tsofaffi a gauraye, har da na watan jiya. Abin da aka koya yau a sake tambayarsa gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. In shekara ta ba da mako 25 cikakku, minti goma sau kwana biyar sun haura awa 20, kuma abin da ake son zaunarwa bai kai gida 60 ba. Ga yaro shi kaɗai ko biyu-biyu, a yanka kwalin sukari ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya. A kasa su uku: wanda amsarsa take fitowa nan take, wanda sai an yi tunani, wanda ba a sani ba. Kashi na uku da na biyu kullum, na farko sau ɗaya a mako. Ma'aunin "nan take" shi ne wajen daƙiƙa uku, ba yatsa, ba motsin leɓe.

Babban hutu yana cin hadda. Daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba yaro yana gona ko kiwo ko talla, kuma azuzuwan zana sau da yawa ba sa tsayuwa sai an gama girbi an samu kara. Makonni biyu na farkon komawa, a yi tilawar abin bara kafin a taɓa sabon abu. Malamin da ya tsallake wannan don ya cim ma manhaja zai biya bashin a watan Maris.

Maimaici yana zaunar da kuskure kamar yadda yake zaunar da daidai

A nan ne masu kushe hadda suke da gaskiya, kuma ya kamata a saurare su. A 1978 masu bincike Brown da Burton suka bi takardun ɗebewa na yara masu yawa, suka gano cewa yawancin kurakurai ba ganganci ba ne: yaro yana bin wata ƙa'ida ce tasa, kullum iri ɗaya, wadda ta karkace a wuri guda. Mafi shahara ita ce ɗebe ƙarami daga babba ko wanne ne a sama. 52 − 38, yaro ya ce 8 ban da 2 shida, 5 ban da 3 biyu, ya rubuta 26 a maimakon 14. 403 − 157 ya ba shi 354 a maimakon 246. In aka ba wannan yaro lissafi talatin ya yi a gida ba mai dubawa, an ba shi damar zaunar da karkatacciyar ƙa'idarsa sau talatin.

Gyaransa ba jan bik ba ne. A sa shi ya yi aikin da ƙarfi yana faɗin abin da yake yi, nan take za a ji inda ya kauce. Sannan a koma ga karare: ɗauri 5 na goma-goma da guda 2 a warwatse. A ce ya ba da 38. Zai ga biyu ba za su ba da takwas ba, dole ya kwance ɗauri guda, ya zama ɗauri 4 da guda 12. Abin da hannunsa ya yi shi za a rubuta, mataki da mataki, a gefen kararen. A kuma koya masa awon amsa da kansa: in 26 daidai ne, 26 da 38 su ba da 52; sun ba da 64, to akwai magana.

Wata matsalar daga malamai take fitowa. Hanyar ɗebewa mai riƙo iri biyu ce: ko a fasa goma daga lambar sama, 5 ta koma 4, ko a ƙara goma a sama a ƙara ɗaya a lambar ƙasa, 3 ta koma 4. Kowace daidai ce. Amma in malamar CP, aji biyu, ta koyar da ta farko, malamin CE1, aji uku, ya zo da ta biyu ba bayani, sai a samu yaron da yake yin duka biyun a lokaci guda, 52 − 38 ya ba shi 4. Darakta ya tara malamansa su zaɓi hanya ɗaya ga makarantar duka. Zama ɗaya ya isa.

A rabawa, ramin shi ne sifili a tsakiyar amsa: 618 a raba 6, yaro ya rubuta 13 a maimakon 103. Wanda aka saba masa ya yi ƙiyasi kafin ya fara, 6 sau 100 ai 600 ne, ba zai yarda da 13 ba. Don haka sabon mataki a fara shi da misali cikakke da malam ya warware a babban allo, na biyu a bar wa yara matakin ƙarshe, na uku a bar musu biyu, sannan su yi nasu. Lissafi biyar da aka duba aka gyara a ranar sun fi talatin da ba a duba ba. Bayan mataki ya zauna, a daina ba da shafi guda na iri ɗaya: a gauraya tarawa da ɗebewa da ninkawa, don yaro ya saba da tambayar kansa wane aiki ake nema kafin ya kama alli.

Akwai haddar da ya kamata a yi watsi da ita ɗungurungum. Ta farko ita ce ta kalmomin alama, a ce wa yara in kun ga "fi" ku tara, in kun ga "saura" ku ɗebe. A ce Hadiza tana da dala 12, ta fi ƙanwarta da dala 5, nawa ne na ƙanwar? Mai bin kalma zai ce 17, alhali 7 ne. Ta biyu ita ce kwafar ma'anoni da ƙa'idojin awo a kaye ana rerawa. Yaron da ya haddace ƙa'idar kewaye da ta faɗin fili a rana ɗaya zai yi ta musanya su har BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji. A fitar da shi tsakar lakwal da igiya, a shata fili mita 8 da mita 5, ya zagaye shi ya samu mita 26, sannan ya yanka shi murabba'i-murabba'i ya ƙirga 40. Bayan nan ƙa'idar ta cancanci a riƙe ta, kuma za ta zauna.

Sauri da tsoro

Sauri yana da muhimmanci, don shi ne alamar cewa amsa daga rumbu take fitowa. Ingila tun 2022 ta wajabta gwajin jadawali ga yara ƴan shekara takwas zuwa tara, tambaya 25, kowace daƙiƙa 6. Amma sauri a ƙarshe yake zuwa, bayan ma'ana da daidaito. Tsoro kuwa yana cin wuri a faifan nan da muka ce a matse yake: yaron da aka tsayar gaban aji, bulala a hannun malam, rabin hankalinsa yana kan bulalar. Zai iya sanin 42 ta ƙi fitowa. Waɗanda suke cewa da bulala suka iya jadawali suna manta ƴan ajinsu nawa ne bulalar ta kora gida. In za a yi gwajin minti ɗaya, kowane yaro ya yi tsere da makinsa na makon jiya, kada a kira sakamako da suna a gaban kowa.

Masu cewa ai kowace waya tana da na'urar lissafi, gaskiya ne, kuma ba laifi babban ɗalibi ya yi amfani da ita a lissafi mai tsawo. Sai dai waya ba ta gaya wa mutum ya danna lambar da ba ita ba. Wanda ya san 47 × 68 bai kai 50 × 70 ba, wato 3500, shi ne zai gane in ta nuna masa 31960.

A fara daga inda yaro yake

Gwajin PASEC na ƙasashe masu amfani da faransanci ya nuna a 2014 cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na yaran ƙarshen firamare bai kai matakin da ake buƙata a lissafi ba. A 2019 an samu ci gaba, amma mafi yawa suna ƙasa da matakin har a lokacin. Ma'anar wannan a cikin aji ita ce a CM2 guda, ajin ƙarshe na firamare, akwai mai iya rabawa, akwai wanda 52 − 38 take kayar da shi, akwai wanda bai karanta 93 ba. Atisaye iri ɗaya ga su duka ɓata lokacin kashi biyu ne cikin uku.

Jihar Tawa tana da tarihi a wannan fage. A nan ne shirin "Makaranta don kowa" na hukumar JICA ta Japan ya fara a 2004, da kwamitocin kula da makarantu da jama'a suke zaɓa. Daga baya shirin ya fito da tsarin da ake gwada yara, a kai sakamakon gaban taron iyaye, sannan gari ya shirya awannin ƙari bayan tashi, yara suna bin littattafan atisayen lissafi daga matakin da kowa yake. Ƙungiyar Pratham a Indiya ma a kan wannan ta gina aikinta: a kasa yara bisa abin da suka iya, a ajiye zancen aji ko shekaru na ɗan lokaci. Malami ba ya buƙatar jiran wani shiri kafin ya yi haka. Gwajin minti uku ga kowane yaro ya isa: ya karanta lambobi biyar masu gida biyu, ya yi ɗebewa biyu masu riƙo, ya amsa sau guda biyar a gauraye, ya yi rabawa ɗaya. Inda ya tsaya, nan ne rukuninsa a minti goman atisaye.

Iyaye ma suna da rabo, ko da ba su yi lakwal ba. Uwar da take aiken ɗanta sayen magi da gishiri ta tambaye shi canjin da zai dawo da shi kafin ya fita. Yaya ɗan kwaleji ya riƙe wa ƙanensa katunan kwali minti biyar bayan magariba. A lura da abu guda: amsa ta fi saurin fitowa da harshen da aka haddace ta, don haka a nuna wa yaro 7 × 8 a rubuce, ya amsa da Hausa yau, gobe da faransanci, har lambar da ke rubuce ta zama ita ce abin da ya riƙe.

Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne yaro ya fita CP da abokan goma da haɗe-haɗen nan 20, ya fita CE1 da jadawalin 2, 10, 5, 4 da 3, ya fita CE2 da sauran duka, ta kowace ƙofa aka tambaye shi. Don a san an kai, malam ya ja layuka a shafi biyu na kaye: sunayen yara a tsaye, jadawalai a kwance, ya sa alama a gidan da yaro ya amsa nan take sau biyu a ranaku dabam-dabam. A ƙarshen Yuni ya miƙa kayen ga malamin da zai karɓi ajin a Oktoba.